Yadda za ka auna aikin bibliyotek ɗinka ta bakin masu karatu, ba tare da kunya ta ɓata maka lissafi ba

Shekara da shekaru ina zaune bakin tebur a wani ƙaramin ɗakin karatu nan cikin Damagaram, kuma a lokacin in ka ce mini yaya aiki sai in jawo maka babban rajista in buɗe in ce duba da idonka, mutum kaza suka shigo watan jiya, littafi kaza aka ara, kaza aka maido. Shi kenan rapor ɗin da muke aikawa sama, su ma can su buga kashe su ajiye. Wadda ta buɗe mini ido wata ɗaliba ce ƴar terminal da kullum take zuwa bayan la'asar, na ce mata ƙanwata yaya kike ganin wurin namu, ta sunkuyar da kai ta ce wallahi Mushe ba laifi, komai lafiya lau. Bayan kwana biyu ina tsugune bayan kantar littattafai ina jera kaya, ba ta san ina nan ba, sai na ji tana gaya wa ƙawarta wai ita in ba dole ba me zai kawo ta nan, ban ɗakin ba ruwa kuma ƙofar ba ta kulluwa sai dai ta matse har ta koma gida, littafin SVT ɗin ma, wato na kimiyyar halittu da ƙasa, na tsohon program ne. Ni kuwa a rajistana yarinyar nan ta shigo sau ashirin a wata, wato a takarda ita ce shaidar cewa aikinmu na tafiya daidai.

To ka ga rajista ƙafa kawai yake ƙirgawa. Yaron da ya shigo don bantilate da cajin waya da wanda ya zo ya samu littafin da yake nema duk layi ɗaya ne a ciki. Anket ɗin da zan yi bayani, wato takardar tambayoyi da ake raba wa mutane su cika, dabara ce ta jin irin maganar da yarinyar nan ta gaya wa ƙawarta, a ji ta daga bakin mutum ɗari ko ɗari biyu, a mai da ita lissafin da za ka iya ajewa gaban magajin gari ko direkte. Kuma tun yanzu in gaya maka, babbar matsalarka a garin nan kunya ce da kara, ba rashin kwamfuta ba. Bahaushe ba zai dubi tsabar idon wanda ya girme shi ya ce aikinka bai yi ba, balle kana Malam, balle ka san babanshi. Duk abin da zan faɗa a ƙasa kusan rabinshi yadda za a kewaye wannan ne.

Inda dabarar ta samo asali

Ba ni na ƙago ta ba. A 1988 wasu masana harkar kasuwanci uku a Amurka, Parasuraman da Zeithaml da Berry, suka fito da wani ma'auni mai suna SERVQUAL don auna yadda bankuna da ire-irensu suke yi wa kwastoma hidima, tunaninsu kuwa shi ne ingancin hidima tazara ce tsakanin abin da mutum ya sa rai da abin da ya tarar. Wajen shekarar 2000 ƙungiyar manyan ɗakunan karatu na bincike ta can, ARL, tare da jami'ar Texas A&M suka gyara abin ya dace da bibliyotek, suka sa mishi suna LibQUAL+. Tambaya 22 ce a cikinshi, an kasa su gida uku: tara kan halin ma'aikata da yadda suke tarbar mutane, takwas kan samun littafi da bayanai da sauƙin kai wa gare su, biyar kan ginin kanshi a matsayin wurin zama da nazari. Ana ba da maki daga 1 zuwa 9.

Abin da ya burge ni a cikinshi, kuma shi kaɗai nake so ka ara, shi ne kowace tambaya sau uku ake amsa ta. Na farko, mene ne mafi ƙarancin abin da za ka iya haƙuri da shi. Na biyu, mene ne burinka, wato yadda kake so abin ya kasance. Na uku, me ka tarar a nan. Kamar dai cinikin kasuwar Dole ne, akwai kuɗin da mai kaya yake fata, akwai wanda ƙasa da shi albarka zai ce, sannan akwai abin da ka taya, kuma tayinka ba a gane ya yi ko bai yi ba sai an san waɗancan biyun. Shi LibQUAL+ na ainihi rajista ake yi a biya da dalar Amurka, ta intanet ake cika shi, yawanci ta imel ake tura wa ɗalibai, jami'a babba kamar André Salifou ta nan Damagaram tana iya tunaninshi wata rana amma ɗakin karatun unguwa ko na lise ba ruwanshi da wannan. Ka rubuta naka tambayoyin, kuma kada ka laƙa musu sunan LibQUAL+ don suna ne mai mai shi.

Kafin ka ɗauki bik

Kuskuren da na fara yi shi ne na zauna ni kaɗai a biro na rubuta tambayoyi, da na duba daga baya sai na ga duk abin da ya dame ni ne na tambaya, tsarin jera littattafai, katalog, maido da littafi kan lokaci. Ba tambaya ko ɗaya kan ban ɗaki, don ni ina da makullin na ma'aikata. Ana cewa mai ɗaki shi ya san inda yake mishi yoyo, to amma a bibliyotek wanda ruwan ke ɗigar wa shi ne mai zama kan benci, kai kana can gefen da ya bushe.

Saboda haka fara da hira. Ka samu fada ɗaya ko biyu ta samarin da ke zuwa wurinka, ka sayi shayi da sukari ka zauna da su a waje, kada ka yi a cikin ɗakin karatun don nan ƙasarka ce ba za su sake ba. Kada ka ce yaya aikinmu, ce musu ku ba ni labarin ranar ƙarshe da kuka zo neman wani abu, me kuka zo nema, kun samu, minti nawa, wa kuka tambaya. Ƴan mata kuma a ware su daban kuma mace ta yi hirar da su, wata malama ko wata yaya da suka saba da ita, kai ko leƙawa kada ka yi. Malaman lakwal su ma daban, don gabansu ɗalibai ba sa magana. Hira uku ko huɗu ta isa, za ka ga abubuwa guda goma sha wani abu suna ta maimaituwa, to su ne tambayoyinka, kuma ka riƙe kalmomin da su suka yi amfani da su.

Rubuta takardar

Takarda ɗaya gaba da baya, kada ta wuce haka. Tambaya 12 zuwa 15 ta isa, tunda kowace sau uku za a amsa ka ga ya zama amsa 36 zuwa 45 kenan, wanda ya wuce nan mutane gajiya suke su fara zuba 7, 7, 7 har ƙasa don su sallame ka. Gidajen nan uku na LibQUAL+ suna da amfani wajen tabbatar da ba ka manta wani gefe ba. A gefen ma'aikata misali: ana tarbata da sakin fuska, ma'aikaci na tashi ya taimake ni in na rasa littafi, ma'aikaci ya san inda abubuwa suke. A gefen kayan karatu: akwai littattafan program ɗin bana, akwai tsofaffin jarrabawowin BEPC da bak, akwai littattafan Hausa da na Larabci, ina iya gano littafi da kaina ba sai na tambaya ba, kwanakin aro sun ishe ni. A gefen wuri: akwai kujera in na zo, akwai iska lokacin zafi, akwai haske in kuran ya ɗauke, shiru, ruwan sha, ban ɗaki mai tsabta mai kulluwa, lokacin buɗewa da rufewa ya dace da ni.

Kowace tambaya abu ɗaya za ta tambaya. In ka rubuta "ma'aikata suna da fara'a da sanin aiki" ka ɗaure mutum, don akwai mai fara'a da bai san komai ba, akwai kuma tsoho mai ɗaure fuska da ya haddace kowace kanta, wanne zai ba maki? Raba su. Kuma kada ka sa amsa a bakin mutum, irin "shin ba ka ganin sabon fentin da muka yi ya yi kyau", wannan roƙon yabo ne kuma za a ba ka shi kyauta.

Yanzu maganar ma'auni, nan ne na fi shan wahala. Yawancin anket da ake kawo mana daga waje irin ma'aunin Likert ne, wanda Rensis Likert ya fito da shi tun 1932, na yarda ƙwarai, na yarda, tsaka-tsaki, ban yarda ba, ban yarda ba sam. A Faransanci abin na tafiya, amma da ka juya shi zuwa Hausa sai "ba laifi" ta cinye komai, don ba laifi tana iya nufin ya yi kyau sosai, tana iya nufin wallahi haƙuri kawai nake, sai ka ji muryar mai faɗa kafin ka gane, takarda kuwa ba ta da murya. Shi ya sa na koma lamba. Duk wanda ya shiga lakwal a ƙasar nan ya san not, bisa 10 a firamare, bisa 20 a kolej da lise. Ka ce musu yau ku ne mushe, ku ba bibliyotek not bisa 10, za ka ga yara har murmushi suke don karo na farko su ne masu jan bik. Ni 0 zuwa 10 nake amfani da shi, bisa 20 ya yi faɗi kuma yara sun saba da cewa malami ba ya ba da 18 ko da ka mutu, sai su ma su riƙe hannu.

Layuka uku na kowace tambaya ka rubuta su da Hausar da kowa zai gane: "ƙasa da nawa ne ba zan iya haƙuri ba", "nawa nake fata", "nawa na tarar a nan". Ka sa wani ɗan akwati a gefe na "ban taɓa amfani da wannan ba", in ba haka ba wanda bai taɓa taɓa kwamfutarku ba zai ba ta 5 don kada ya bar wuri fili, ya gurɓata maka lissafi.

Harshe kuma, ka yi Faransanci da Hausa a jere, layi bisa layi. In kana da ƴan makarantun franko-arab ko almajirai manya masu zuwa, ka samu wani malami ya rubuta maka da ajami ko Larabci. Bayan an fassara ka ba wani daban wanda bai ga na asalin ba ya mai da Hausar zuwa Faransanci, inda ma'ana ta kauce nan za ka gani.

A ƙarshen takarda sai bayanin mai amsawa, shi ma kaɗan: mace ko namiji, rukunin shekaru, ɗan kolej ko lise ko jami'a ko malami ko ma'aikaci ko wani, sau nawa yake zuwa, unguwa. Ba suna, ba lambar waya, ba lambar kati. Tun 2017 Nijar tana da dokar kare bayanan mutane, har da hukumarta HAPDP, amma ko ba doka ma da ka sa layin suna ka kashe anket ɗinka da hannunka. Sannan tambaya ɗaya buɗaɗɗiya da fili babba: "In kai ne shugaban wurin nan gobe, me za ka fara gyarawa?" Wannan ta fi "me ke damunka" nesa ba kusa ba, don kuka abin kunya ne amma ba da shawara girma ne, mutum zai saki jiki ya rubuta.

Kafin ka kai fotokopi ka gwada ta kan mutum takwas ko goma, ka duba agogo, in ta wuce minti goma rage. Inda ka ga mutum ya tsaya yana cizon bik to tambayar ce ba ta fita ba. Wannan gwajin kada ka tsallake shi, ba a fafe gora ranar tafiya, kuma takarda 200 da aka riga aka buga da kuskure jaka nawa ce ta tafi.

Yadda za a raba, wato yaƙi da kunya

Kai ba za ka raba ba. Ba za ka karɓa ba. In son samu ne ma ranar ka koma can ciki. Ka samu ɗalibai biyu, namiji da mace, zai fi kyau waɗanda ba kullum ake ganinsu tare da kai ba, ka koya musu jimla uku da za su faɗa: wannan don gyara ne, ba suna, ba dole. Su miƙa takarda da bik su ja da baya, kada su tsaya kan mutum. Biken duk iri ɗaya kala ɗaya. Ka samu kwali ka liƙe shi da sikoc ta ko'ina ka tsaga baki ɗaya a sama kamar akwatin zaɓe, ka aje shi wajen ƙofa inda teburinka ba ya hangowa, mutanenmu sun san akwatin zaɓe kuma sun san ma'anar a naɗe takarda a jefa. Kada a buɗe sai ranar ƙarshe, kuma ka faɗa musu haka, don yaron da ya san da yamma za ka buɗe ka ga takarda huɗu kacal ya san za ka gane rubutunshi.

Yara ƙanana ƴan firamare ka nemi izinin iyaye ko malaminsu tukuna, kuma su takardar lamba uku-uku ta yi musu nauyi, tambaya biyar da fuskoki uku, mai dariya da mai shiru da mai ɓacin rai, ta wadatar. Wanda ba ya karatu sosai, irin dattawan da ke zuwa a karanta musu jarida ko matan ajin yaƙi da jahilci, sai a yi da baki: mai tambaya ya karanta, a ba mutum tsakuwa goma ya ware adadin da ya ga dama, mai tambaya ya rubuta. Kyauta kuwa ni ban goyi baya ba, da ka ba mutum alawa ko bik kafin ya cika ya zama baƙonka, baƙo kuwa ba ya kushe tuwon gidan da ya ci.

Wasu za su ce me ya sa ba za a yi Google Forms a tura ta WhatsApp ba. Ana iya yi, yana da sauƙin lissafi, amma ka tuna wa zai amsa: mai babbar waya, mai kuɗin koneksiyon, mai rezo a unguwarsu, mafi yawa samari ƴan jami'a. Yarinyar da wayar yayanta take ara ba za ka ji ta ba. In kana da waya ko tablet guda ta aiki, KoboToolbox, wani aplikasiyon na cika anket, ya fi dacewa da mu don yana aiki ba intanet, sai an samu rezo ya tura. Duk da haka ni takarda na fi yarda da ita, ba ta neman caji.

Mutum nawa, kuma yaushe

Akwai wani jadawali da Krejcie da Morgan suka fitar a 1970 da har yau ɗalibai ke amfani da shi a memuwar ɗinsu: in jama'arka 100 ne kana buƙatar 80, in 200 ne 132, in 500 ne 217, in 1000 ne 278. Ka lura ƙaramin wuri kusan kowa zai tambaya, babban wuri kuwa adadin ba ya hawa sosai. Wata hanyar tunawa mai sauƙi, in jama'a na da yawa amsa 100 tana ba ka kuskuren kusan 10 cikin ɗari sama ko ƙasa, amsa 400 kusan 5. To amma duk wannan lissafin yana aiki ne in ba zaɓar mutane aka yi da son rai ba. Takarda 300 da aka raba wa abokan gardi ba ta kai 80 da aka raba bisa ƙa'ida ba. Ƙa'idar kuwa mai sauƙi ce: duk mutum na uku da ya shigo a miƙa mishi, ko wane ne, ko mai fara'a ko mai ɗaure fuska, in ya ƙi a yi ɗan zane a kaye a ci gaba, a ƙarshe ka san nawa suka ƙi. Wanda ya riga ya cika kada ya sake.

A yi sati biyu cur, safe da yamma, kowace ranar aiki, don jama'ar safiyar Litinin daban da ta yammacin Laraba, Alhamis ranar kasuwa ce, Juma'a kuma ka san yadda take. Kada ka yi lokacin bakans, kada ka yi cikin azumi, kada ka yi a satin da jarrabawa ta matso a watan Yuni lokacin da kowa ke cikin tashin hankali kuma kujera ta zama zinariya. Sannan yanayi na taka rawa fiye da yadda kake zato, tambayar iska da ruwan sha in ka yi ta a Disamba cikin hunturu za ka samu not mai kyau, in ka yi ta a Afrilu za ka sha mamaki. Ni na fi son Fabrairu zuwa farkon Maris in azumi bai faɗo ciki ba, shekarar karatu ta zauna tun Oktoba, zafi bai kai ga haukata mutane ba. Duk watan da ka zaɓa dai riƙe shi, baɗi ma shi za ka yi.

Sai kuma waɗanda ba sa zuwa, su ne anket na cikin gida ba ya gani sam. Wanda ya ji haushin wurin har ya daina zuwa ba zai jefa takarda a kwalinka ba, saura masu haƙuri kaɗai suka rage suna ba ka 7. Ka yi wata ƴar gajeruwar takarda mai tambaya huɗu: ka san da wurin, ka taɓa zuwa, me ya hana ka ko me ya sa ka daina, me zai kawo ka. Ka nemi izinin shugabannin makarantun da ke kusa a raba a aji biyu-uku, a leƙa fadoji a Birni da Zango da Sabon Gari ko duk unguwannin da ke kewaye da kai, a je inda mata ke taruwa. Wani zai ce maka ya zaci sai mai jin Faransanci ake bari ya shiga, wani ya zaci kuɗi ne mai yawa, wata kuma a gida ne aka ce ba za ta je inda maza ke cika ba. Irin wannan ba a jin shi daga bakin tebur.

Lissafi

Excel ya isa, in babu kaye mai layi da kalkuletar waya ma sun isa. Ka sa wa kowace takarda lamba, layi ɗaya mutum ɗaya. Kowace tambaya ka fitar da mwayen uku, wato matsakaicin makin kowane layi, sai ka yi ɗebewa biyu. Bari in ƙaga misali da mutum biyar don a gani. Tambayar iska lokacin zafi: abin da suka tarar 4, 5, 3, 6, 2, jimla 20, mwayen 4. Mafi ƙarancin da za su haƙura da shi 6, 5, 6, 7, 6, jimla 30, mwayen 6. Burinsu 9, 10, 8, 9, 9, jimla 45, mwayen 9. Abin da aka tarar a ɗebe mafi ƙaranci, 4 a cire 6, ya ba da -2, wato kana ƙasa da inda haƙurinsu ya tsaya, wannan jan bik ne. Na biyun, 4 a cire 9, ya ba da -5, shi ne nisan da ke tsakaninka da burinsu, shi wannan kusan kullum ƙasa da sifiri yake fitowa don buri ba ya cika, kada ya hana ka barci.

Ga inda amsa uku ta fi amsa ɗaya. A ce jaridu sun samu 5, littattafan program sun samu 6. In not ɗaya ka tambaya sai ka ce jaridu ne matsala ka kwashi ɗan kuɗinka ka zuba can. Amma in mafi ƙarancin jaridu 3 ne, na littattafan program kuwa 8, ka ga jaridu suna +2, littattafan program suna -2, wato mutane ba su damu da jaridar ba, littafin jarrabawa ne ke ci musu rai. Ka jera tambayoyin duka daga wadda ta fi nutsewa ƙasa da sifiri zuwa sama, jerin aikinka kenan.

Kada ka tsaya kan mwayen na kowa da kowa. In rabin mutane sun ba da 10 rabi sun ba da 0 mwayen 5 zai fito, alhali ba mutum ɗaya da ya ce 5. Raba maza da mata, raba ƴan lise da ƴan jami'a, raba masu zuwa kullum da masu zuwa jefi-jefi. Tambayar ban ɗaki da ta lokacin rufewa musamman, duba ta mata ita kaɗai. Sai dai in rukuni bai kai mutum ashirin ko talatin ba kada ka gina hukunci a kai, alama ce kawai, kuma rukunin da ya yi ƙanƙanta har ana iya gane mutum, misali malamai mata biyu, haɗe shi da wani. Amsoshin tambayar buɗaɗɗiya ka karanta su duka, ka tara masu kama da juna ka ƙirga. Za ka ci karo da wadda za ta sosa maka rai, wataƙila har an kwatanta ka ba a faɗi suna ba, ranar da na karanta tawa sai da na rufe kaye na fita na sha iska. Kada ka je neman mai rubutun, in ka yi haka sau ɗaya labari zai zaga gari kuma ba mai sake gaya maka gaskiya.

Bayan lissafi

Abokan aikinka za ka fara nuna wa, har da gardi da mai shara, a cikin ɗaki, kafin kowa ya gani, kuma in an ambaci wani a takarda ka same shi shi kaɗai. Sannan ka ɗauki abu uku kacal. Ka tabbata aƙalla ɗaya ba ya cin kuɗi ko kuɗinshi kaɗan ne, sakata a ƙofar ban ɗaki, randa da moɗa, ƙara kwanakin aro, matsar da lokacin rufewa, ware tebur ɗaya na mata, rubuta sunayen kantoci da Hausa. Wani masanin harkar ɗakin karatu ɗan Indiya, Ranganathan, tun 1931 cikin dokokinshi biyar na aikin bibliyotek ya sa "a tattala lokacin mai karatu", kuma sau da yawa wannan kwali da marka kawai yake buƙata. Masu cin kuɗi, irin fano na sola da batir ko sababbin littattafai, su ne za ka rubuta a shafi ɗaya ka kai meri ko wajen hukumar da ke sama da kai ko wata ƙungiya mai taimako, da lambobinka a jiki, mutum nawa aka tambaya, yaushe, ta yaya, me ya fito.

Sai ka samu babbar takarda ka liƙa a ƙofa, Hausa da Faransanci: ga abin da kuka ce, ga abin da muka gyara, ga abin da muka kai sama muna jira, ga wanda ba za mu iya ba da dalili. Cikin wata ɗaya da rufe kwali ya kamata takardar nan ta hau ƙofa, in ta daɗe mutane sun manta sun ma cika wani abu. Baɗi a watan nan dai ka maimaita, tambayoyin kada ka canza musu ko kalma in kana son kwatanta shekara da shekara, in akwai sabuwa ƙara ta a ƙasa. Takardun bana kuma ka ɗaure su a leda ka sa a kantar ƙarfe ta sama nesa da bango, gara ba ta da kunya ita, kuma kwafin Excel ɗin ka aje shi wuri biyu.